Filin Tsinke da Zare: Suwaita Mai Huji-huji, Daidai Jikinki

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da hunturu. Jos ta fara halin nata, da asuba sai mutum ya yi shahada kafin ya taɓa ruwan buta. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato suwaita mai buɗaɗɗen gaba da ake yi wa saƙar leshi, mai huji-huji. Ta farko ta cinye rabin filin, sauran ku yi haƙuri. Ga sababbin shiga, duk inda na ce “ido” ina nufin kowane maɗauki ɗaya da ke kan tsinke.

*Anti, barka da sanyi. Na iya saƙar hula da safar jarirai da tsinke biyu, har ina sayarwa a unguwa. Na ga wata suwaita mai huji-huji a waya, na bi lissafin da aka rubuta ido da ido, wata biyu ina fama. Da na gama sai ta ƙi haɗuwa a ƙugu, hannuwa kuma suka rufe min yatsu. Ƙirjina santimita 100, ƙuguna 112, ga ni gajeriya. Laifin zare ne ko nawa?*
— Maman ’yan biyu, Anguwan Rogo

Maman ’yan biyu, sannu da ƙoƙari. Zare bai yi laifi ba, hannunki ma lafiyarsa ƙalau. Wadda ta rubuta lissafin nan da nata zaren ta auna, da nata tsinken, da irin jan da hannunta yake yi wa zare, kuma jikin da ta auna ba naki ba ne. Ke kika ari lissafin wata. Zauna mu yi naki.

Kafin nan, ni ma an yi da ni. Suwaitar leshi ta farko da na saƙa, surukata na yi wa, ina amarya ina neman fada. Ban gwada komai ba, na ɗora ido yadda nake ɗora wa suwaitar yara, na ƙara kaɗan. A kan tsinke ta yi cif. Wankin farko ta sauko har gwiwa, hannuwa suka koma na babbar riga. Baiwar Allah ta ɗaga ta sama ta juya, ta yi min godiyar na hutar da ita sayen bargo. Shekara da shekaru a ƙafa take rufa ta in tana lazimi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, saƙar leshi a takure take fitowa daga tsinke, sai ta sha ruwa take miƙe ƙafa. Don haka aikinki na farko ƙyallen gwaji ne. Na san ba kwa son jin wannan magana, kowa gani take ɓata zare ne. Kwana ɗaya zai ci miki, ki gwada shi da wata biyun da kika zubar.

Ga adon da nake fara koya wa kowa, ni “igiyar ruwa” nake ce masa saboda yadda bakinsa yake lanƙwasa. Tsohon ado ne na matan tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan, waɗanda suka yi suna da saƙa mayafi siriri har a zura shi ta cikin zoben aure. Ido 18 ne gida ɗaya, layi huɗu ake maimaitawa. Layi na farko saƙar gaba, wadda ake ce wa “knit” da Turanci, har ƙarshe. Na biyu saƙar baya, wato “purl”. Na ukun shi ne mai aikin: ki haɗa ido biyu ki saƙe su tare, sau uku, sai ki naɗa zare a kan tsinke ki saƙa ido ɗaya, sau shida, sai ki sake haɗa biyu-biyu sau uku. Kin rage shida, kin ƙara shida, kin dawo 18 ɗinki. Layi na huɗu saƙar gaba, shi ke fitar da ɗan kunyar nan mai kyau.

Ki ɗora ido 40, wato gida biyu da ido bibbiyu a gefe, da tsinke mai milimita 4 in zarenki matsakaici ne. Ki yi tsawon santimita 15 ki cire. Ki sake wani da tsinke mai 4.5. Ki wanke su yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa a kan tawul su bushe, kada ki auna da danshi. Sannan ki ɗora tef a kan gida ɗaya. Bari mu ɗauka na ƙaramin tsinke ya ba ki santimita 9, na babban ya ba ki 10. Naki zai iya bambanta, naki za ki bi.

Suwaita a kan riga ake sa ta, wani lokaci a kan atamfa mai kauri, don haka ba a yi mata ɗamewa. Gida 12 da ƙaramin tsinke santimita 108 ke nan, ki ƙara 3 na bakin maɓallai, 111. Ƙirji mai 100 ya samu wurin numfashi. Amma ƙugunki 112 ne, nan ne waccan ta ci amanarki. Dabarar ita ce ki fara daga ƙasa da babban tsinke: gida 12 ɗin nan dai, amma yanzu 120 da 3, ya zama 123. Ki yi ta tafiya har kin wuce ƙugu, sai ki sauya zuwa ƙaramin tsinke. Rigar ta tsuke da kanta, ba ki rage ido ko ɗaya ba, ado bai karye ba. Ido 216 ke nan, da ɗaya-ɗaya a gefe, 218. Tsinke miƙaƙƙe ba zai ɗauki wannan ba, ki nemi mai igiya, na santimita 80 ko 100, ki riƙa zuwa kina dawowa kamar kullum. Ki sassauta hannu wajen ɗorawa, in kin ɗaure bakin igiyar ruwan ba za ta lanƙwasa ba.

Tsawo kuwa, tunda kin ce ke gajeriya ce, ɗauko rigar da kika fi jin daɗinta a jiki ki auna daga hammata zuwa inda kike so ta tsaya. Ki rage santimita biyu ko uku, nauyin zare zai biya ki su.

Da kin kai hammata sai rabo. Sha biyu na da daɗin rabawa: gida shida baya, uku-uku gaba. Shawarata a rigar farko, ki tsayar da leshin a nan, sama ki yi saƙa lami, wato marar huji. Rage ido a wuya cikin huji-huji yana ruɗa ko da gwanaye. Sai dai saƙa lami ta fi leshi tsukewa, in kin ga tana ɗaure ki koma babban tsinke. Ki hau miƙe santimita 20 ba tare da kin yanka hammata ba. A kowane gaba ki riƙa rage ido ɗaya ta gefen wuya a kowane layi na uku, sau 18, sai 36 su rage na kafaɗa. Bayan ma 36 kafaɗa, 36 wuya, 36 kafaɗa. Idan zuciyarki ta nace sai leshi har sama, to doka ɗaya ce: duk hujin da ba ki da wurin yi masa ragi, ki bar shi, ki saƙa wurin lami.

Yanzu hannu. Irin wannan yankan kafaɗarsa tana zubowa kan damtse, shi ya sa hannun yake gajarta fiye da yadda ake zato. Kada ki saƙa shi daban ki zo kina addu’a. Ki ɗinke kafaɗu, ki tsinci ido kamar 80 kewayen hammata, ki saƙo ƙasa kina ragewa sannu a hankali. Duk bayan ɗan taƙi ki zura hannunki ki duba madubi. Inda ya yi miki, nan za ki rufe. Ni nawa duk a tsakiyar dantse da wuyan hannu nake tsayar da su, saboda alwala da tukunya. Hannun leshi mai tsawo ba abin da ba ya kamawa, daga awarwaro har marfin ƙofa.

Bakin maɓallai, ki tsinci ido uku a kowane layi huɗu, in kin tsinci kowanne zai yi tattara. Maɓallin farko da za ki sa wa alama shi ne na daidai tudun ƙirji, sauran ki raba su daga nan sama da ƙasa, kada riga ta riƙa hamma a gaban mutane.

Waccan ta farko kuma kada ki jefar. Warware ta, zaren yana nan da ransa.

*Anti, ni matsalata ƙirga. Ina farawa da ido daidai, bayan layi goma sai na ga sun ragu ko sun ƙaru, hujin kuma ya karkace. Na warware sau huɗu, har maigida ya fara tsokanata.*
— Wata amarya, Bukuru

Amarya, bar shi ya yi dariyarsa, zai zo yana roƙon tasa. Kusan kullum naɗin zare ɗaya ne ake mantawa. Ki yanka zare mai wani launi ki ƙulla ’yan zobba, ki saƙala ɗaya a kan tsinke bayan kowane ido 18. Idan kin gama layi na uku, ki ƙirga tsakanin zobe da zobe. Kuskure ba zai wuce gida ɗaya ba, kuma a ranar za ki kama shi. In kin tarar da 17, nemo inda hujin ya kamata ya zauna, ki ɗago zaren da ke kwance tsakanin ido biyun ki ɗora a tsinke. Hujin zai ɗan fi ’yan’uwansa ƙanƙanta, wanki ɗaya zai daidaita su.

Abu na biyu, zaren tsaro. Bayan kowane layi takwas ko sha biyu da kika tabbatar lafiya suke, ki zura siririn zare mai santsi da allura ta cikin duk idanun da ke kan tsinke, ki bar shi yana reto. Ranar da abu ya rikice, ki zare tsinke ki warware, zai tsaya cak a kan wannan zaren. Ki kula kada ki zura shi ta cikin zobban alama, sai su maƙale.

Layi na ukun nan ba a yin sa ana hira, ba a yin sa da fitilar waya in an ɗauke wuta, musamman da baƙin zare. Ni da hantsi nake yin nawa, a bakin ƙofa, bayan yara sun tafi makaranta.

*Ina aiki a Abuja. Waje zafi, ofis kuma na’urar sanyaya ɗaki kamar za ta kashe mutum. Wane zare ya dace?*
— Ma’aikaciya, Gwarinpa

Ƙanwata, ke ce ma kika fi mu dacewa da wannan riga. Mu nan Jos muna sama da mita 1,200 daga teku, iskar Disamba ta cikin hujin take wucewa ta gaida ƙashi, sai an ɗora mayafi mai kauri. Ke kuwa abin da za ki yafa a ofis ki naɗe a jaka kike nema. Nemi zaren auduga siriri, ko wanda aka gauraya auduga da akirilik. Auduga zalla tana fitar da ado tas, amma tana da nauyi kuma in ta miƙe ba ta komawa. Ki yi ta gajera, ki ɗinke kafaɗa da ƙarfi, kada ki taɓa rataye ta a hanga. Launi ɗaya za ki saya, mai haske. Zaren nan mai canza launi yana cinye ado, ki sha wahala a banza ba mai ganin huji. Kuma ki sayi duka lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a jikin takardar ta zama iri ɗaya, da ƙulli ɗaya na ƙari.

*Na goge tawa da dutsen guga don hujin ya buɗe, sai ta yi laƙwas tana sheƙi. Akwai gyara?*
— Uwargida, Rikkos

Babu, uwargida, sai haƙuri. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa akirilik ne, dangin roba, zafi ya narkar da shi ba ya dawowa. Nan gaba ki shimfiɗa rigar a katifa, ki kafe ta da fil daidai awon da kike so, ki rufa ɗanyen ƙyalle, ki riƙe dutsen a sama tururi kawai ya sauka. Kada ƙarfe ya taɓa ta, kada tururin ya je bakin hannu da na wuya. Wadda ta lalace ki sa ta a gida, ta fi da laushi ma.

*Anti, an ce ana samun ulu na gaske a cikin gwanjo. Yaya ake ganewa?*
— Ɗalibar jami’a, Farin Gada

’Yata, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 ’yan kasuwa suka bazu a shaguna da bakin titi, neman zare mai kyau ya zama yawo, abin da za ki fi samu kuma akirilik ne. Ulu na gashin tumaki kuwa, mafi kyawun da na taɓa saƙawa daga tarin gwanjon kasuwar Katako na tsinto shi, a jikin wata ƙatuwar suwaitar maza ruwan toka da ba wanda ya kalla.

Idan kin ɗauki suwaita, juya cikinta waje kafin ki tambayi kuɗi. Takardar wuya takan faɗi abin da aka yi ta da shi. Daga nan ki duba ɗinkin gefe. In kin ga bakin ɓangarorin biyu a saƙe suke lafiya, an haɗa su da ɗinki mai kama da sarƙa, wannan ita ce taki: ki samo bakin sarƙar ki ja, za ta zuge kamar bakin buhun shinkafa, kowane ɓangare ya ba ki zare ɗaya dogo. In kuwa kin ga an yanka an bi bakin da injin dajiya, ajiye ta, guntu-guntu za ta ba ki, kowane layi da nasa. Wadda ta cure har ba a ganin idanunta ita ma ki bar ta. Ki ɗaga ta a rana ki duba ko asu ya yi ɓarna.

A gida ki tsinko ɗan zare ki kusantar da shi ga ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage ki murje shi ya zama gari. Akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Auduga warin takarda take, tokarta laushi.

Daga sama ake warwarewa, wato daga kafaɗa zuwa ƙasa. Zaren zai fito a nannaɗe kamar taliyar yara. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da shamfu kaɗan, minti ashirin. Ba cuɗawa, ba murɗawa, ba ruwan zafi, waɗannan su ke sa ulu ya cure. Ki matse a cikin tawul ki rataya a inuwa. Suwaitar babban namiji ɗaya takan ishi rigar leshi ta mace, don huji ba ya cin zare. Ulu kuma shi ne wanda in kin jiƙa kin kafe da fil ya bushe, adon yake buɗewa ya zauna ba sai da tururi ba. Ki ajiye da kafur in sanyi ya wuce.

*Me ya sa a makaranta ake ce mata kadigan?*
— ’Yar sakandare, Tudun Wada

Sarautar wani Bature ce, Lord Cardigan, hafsan Ingila da ya jagoranci wani harin dawakai a yaƙin Kirimiya a 1854. Rigar ulu mai maɓallai da hafsoshi suke sawa a lokacin ita aka laƙaba wa sunansa. Ki gaida malamarku.

*Hajiya, gafara dai, na shigo filin mata. Na so a saƙa wa mahaifiyata irin wannan riga, amma kuɗin da mai saƙar ta faɗa ya ninka na kanti. Ba tsawwalawa a ciki?*
— Wani magidanci, Gangare

Malam, maraba, filin na kowa ne, Allah ya saka da alherin tunawa da Mama. Ban ji kuɗin da aka faɗa maka ba, amma bari in ba ka lissafi. Rigar da na tsara wa Maman ’yan biyu a sama, ido 216 ne a layi ɗaya. Kafin a kai hammata an yi layi ɗari da ’yan kai, ido kusan 23,000 ke nan, kowanne da yatsa aka ɗaga shi, ba a taɓa kafaɗa da hannuwa ba tukuna. Ni da na daɗe a kai, ina saƙa awa biyu kullum tsakanin girki da sauran hidima, wata guda nake ci. Ka cire kuɗin zare da maɓallai daga abin da ta faɗa, ka raba sauran gida talatin, ka ga ko za ka aiki yaro kasuwa a kan haka.

In aljihu bai kai ba, ka ce ta yi jikin lami, leshin ya tsaya a bakin ƙasa da bakin hannu, aikin zai ragu sosai. Ga tsohuwa ma hakan ya fi, ƙirji da baya su rufu. Ka roƙa a sa mata aljihu ɗaya na carbi da goro, maɓallai kuma manya waɗanda yatsun tsufa za su iya kamawa. Idan so kake ka ba ta mamaki, kada ka yi awo da ido. Sa ƙanwarka ta ɗauko maka rigar da Mama ta fi sawa ka kai wa mai saƙar, a dawo da ita kafin ta neme ta. Sanyin bana dai da wuya ta riske shi, sai ka sa ran na watan Agusta.